Jini a Bakin Iyaka: Gwajin Ƙwayoyin Halitta da Rufin Asirin Matafiya

Tun da sanyin safiya hanyar da ta taso daga Maraɗi ta yi kudu take fara cika. A Jiratawa mata na ɗaure buhunan zogalar da aka yanko daga gonakin rani, ƴan kabu-kabu na jiran fasinja a bakin kwalta, manyan motoci kuma na wucewa da wake da dabbobi zuwa Ɗan Isa, daga can su faɗa Magamar Jibiya a jihar Katsina. Tsakanin birni da iyaka bai fi kilomita 50 ba. Yawancin mutanen da ke cikin motocin nan ba su ɗauki kansu masu fita ƙasar waje ba. Wannan suna za ta, wancan ta'aziyya, wani kuma kasuwa ce ta tashe shi.

A da, abin da jami'in iyaka ke nema bai wuce katin ɗan ƙasa da na rigakafi ba, wani lokaci ma gaisuwa ta wadatar. Yau jikin mutum ne ke zama takardarsa: zanen yatsa, hoton fuska, ƙwayar ido. Wasu ƙasashen sun wuce nan, sun kai ga ɗibar ƙwayoyin halittar duk baƙon da suka tsare a iyakarsu. A Ɗan Isa ba a kai ga haka ba. Amma mutanen Maraɗi matafiya ne, suna haɗuwa da wannan gwaji a ofisoshin jakadanci da iyakokin ƙasashen da suke zuwa, kuma na'urar da aka fara aiki da ita a can ba ta daɗewa ba ta iso nan ba. Gara a san abin tun yana nesa.

Abin da audugar ke ɗauka

A ido, gwajin ba wani abin tsoro ba ne. Jami'i zai sa safar hannu, ya yage leda ya zaro ɗan tsinke mai auduga a kai, ya goga a cikin kumatun mutum na ƴan daƙiƙu, ya sa a ambulan, ya rubuta lamba. Babu allura, babu zubar jini, ko da yake a bakin jama'a gwajin jini ake ce masa. Abin da audugar ta kwaso yana ɗauke da rubutun gadon da kowane ɗan Adam ya zo da shi, rabi daga uwa rabi daga uba, wanda masana ke kira DNA. A ɗakin bincike ba duka rubutun ake karantawa ba. Wasu gurabe ake dubawa inda mutane suka fi bambanta da juna, guda 20 a tsarin da hukumar FBI ta Amurka ke bi tun 2017. In an jera sakamakon uwa da na ɗanta, a kowane gurbi za a tarar rabin nasa ya yi daidai da nata. Yanzu har akwai na'urori masu girman akwati da ke fitar da amsa cikin kimanin minti 90, ba tare da an kai samfuri wani gari ba.

Wannan ilimi a bakin iyaka ya fara aiki, kuma a kan ɗan Afirka ta Yamma. A watan Satumbar 1984 ne Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila ya gano hanyar. A 1985 aka kawo masa maganar wani yaro ɗan asalin Ghana da ya je ganin gida ya komo Ingila, jami'an shige da fice suka yi zargin cewa an taɓa fasfonsa, kuma ba ɗan matar da ke cewa ita ta haife shi ba ne. Gwaji ya nuna ɗanta ne, aka bar shi ya zauna da iyalinsa. A ranar, ilimi ya tsaya wa mai rauni a gaban hukuma. Abin da ya biyo baya ya sha bamban.

Daga taimakon uwa zuwa rumbun masu laifi

Amurka ce ta fi kowa nisa a wannan hanya. Wata doka ta 2005 ta ba gwamnati damar ɗibar samfurin baƙin da ta tsare, sannan a 2020 ma'aikatar shari'a ta mai da abin wajibi a kan hukumomin iyaka. Sakamakon yana shiga rumbun CODIS na FBI, wanda asalinsa don masu manyan laifuka aka kafa shi. Wani rahoto da cibiyar nazarin sirri da fasaha ta Jami'ar Georgetown ta fitar a 2024 ya nuna cewa daga 2020 hukumomin tsaron cikin gida sun zuba bayanan mutum fiye da miliyan 1.5 a rumbun. A 2025 mujallar Wired ta binciko cewa a cikin waɗanda aka ɗiba akwai yara da matasa fiye da 133,000, har da ɗan shekara 4. Yaron da aka goyo aka tsallaka da shi, ga sunansa a jerin da ƴan sanda za su riƙa dubawa duk lokacin da aka yi kisa ko fyaɗe, har ya tsufa.

Faransa ta gwada nata a 2007, lokacin da ɗan majalisa Thierry Mariani ya shigar da gyaran doka don a riƙa yi wa masu neman biza ta bin iyali gwaji. Afirka ta yi caa a kai. Shugaban Senegal na lokacin, Abdoulaye Wade, da shugaban hukumar Tarayyar Afirka, Alpha Oumar Konaré, duk sun fito sun soki matakin. Dokar ta wuce bayan an rage mata kaifi, amma a 2009 ministan shige da fice Éric Besson ya ƙi sa hannu a takardar aiwatar da ita, ta mutu a nan. Kuwait kuwa a 2015 ta yi dokar da ta tilasta wa ɗan ƙasa da mazauni da mai ziyara ba da samfuri, sai kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke ta a 2017 saboda ta keta ƴancin mutum da sirrinsa. Darasin da ke cikin waɗannan biyun shi ne ana iya tsayar da abin, in an yi magana da wuri.

Iyalin da na'ura ba ta gani

A ɗauki gida irin wanda kowa ya sani a Jiratawa ko Tibiri. Magidanci da mata biyu. A cikin yaran da ke cin tuwo a kwano ɗaya akwai ɗan ƙanensa da ya rasu, akwai agolar da amarya ta zo da ita, akwai yarinyar da uwargida ta karɓa riƙo daga yayarta tun ranar yaye, akwai kuma wanda mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwa, kishiyarta ta shayar da shi tare da nata. In ka tambayi maigidan, ƴaƴansa zai ce maka, kuma bai yi ƙarya ba. Shi ke ciyar da su, shi ya sa su makaranta, shi zai yi musu aure. Ɗan riƙo yakan girma bai taɓa kiran kowa inna ba sai wadda ta riƙe shi.

To, a ce tashin hankali ya raba wannan gida, uban ya samu mafaka a wata ƙasa, ya nemi a kawo masa iyalinsa, aka ce sai an yi gwaji. Na'ura za ta zaɓi wasu ta bar wasu. Marayan da ya fi kowa buƙatar riƙo shi za a fara barin baya, a kuma rubuta a takardar uban cewa ya yi yaudara.

Wannan ya taɓa faruwa. A 2008 Amurka ta jarraba gwajin a kan ƴan gudun hijirar Afirka masu neman bin danginsu, aka fara daga Nairobi. Ma'aikatar harkokin wajenta ta ce ƙasa da kashi 20 cikin 100 na iyalan ne aka iya tabbatar da dukan dangantakar jinin da suka ambata. Aka dakatar da shirin, bai dawo ba sai 2012, da sharaɗin gwaji. Babu shakka akwai masu cusa baƙi cikin jerin iyali don kuɗi. Amma masu kare ƴan gudun hijira sun nuna cewa lissafin ya haɗa har da waɗanda suka ƙi gwajin, kuma bai bambanta mai sayar da gurbi da matar da ta tsinci ɗan maƙwabciyarta a hanyar gudu ta rene shi ba.

Akwai wani ciwon da ya fi wannan zurfi. Gwaji yana iya tono abin da ba shi aka je nema ba: ya ce wannan yaro ba na wannan uba ba ne, ko da gaske, ko saboda an rikita samfuri a hanya. A ƙasar Hausa kowa ya san abin da irin wannan takarda za ta jawo wa mace da ɗanta: saki, gori, hana gado, da sunan da zai bi yaro har kabari. Shari'ar Musulunci ta daɗe da toshe wannan ƙofa, domin ta rataya nasaba a kan aure, ta kuma tsananta sharuɗɗan kore ɗa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da gwajin a binciken laifi, da inda jarirai suka cakuɗe a asibiti, da gano waɗanda suka ɓata ko gawar da ba a shaida ba, amma ta hana a yi amfani da shi don kore nasabar da ta tabbata a shari'a ko sake bincikenta. Jami'in biza da ke zaune a bayan gilashi bai san wannan ba, kuma ba shi zai kwana a gidan da takardarsa ta rusa ba.

Jini ba ya faɗin ƙasar mutum

Wasu gwamnatoci sun so su yi amfani da gwajin don gano daga wace ƙasa baƙo ya fito. A 2009 hukumar iyakokin Birtaniya ta fara wani shiri na auna ƙwayoyin halitta da gashi da farcen masu neman mafaka, don ta rarrabe ɗan Somaliya na gaske da ɗan Kenya. Masana kimiyya suka yi mata ca, suka ce ƙwayar halitta ba ta san layin da ƴan mulkin mallaka suka ja ba, aka watsar da shirin a 2011. A 2018 kuma aka gano cewa hukumar iyakokin Kanada tana tura samfurin wasu tsararru zuwa kamfanonin binciken asali na intanet, tana bin sawun danginsu don ta san ƙasar da za ta mayar da su.

Duk wanda ya san tarihin Maraɗi ya san wannan aikin banza ne. Bayan Katsina ta faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sai daga baya Ingila da Faransa suka zauna, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba ƙasar a kan takarda, tawagar Tilho da O'Shee ta bi tana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Iyakar mai tsawon kusan kilomita 1,500 ta ratsa gonaki da makiyaya da zuriya. Bakatsinen Jiratawa da na Jibiya kakanninsu ɗaya, kuma har yau suna aurayya. Babu ɗakin binciken da zai duba yawunsu ya ce wannan na Nijar ne, wancan na Najeriya.

Abin da gwajin zai iya yi, kuma shi ne abin tsoro, shi ne bin dangi. Zanen yatsanka naka ne kai kaɗai. Ƙwayar halittarka kuwa kana tarayya a cikinta da iyayenka da ƴaƴanka da ƴan'uwanka. Ranar da aka ɗebi ta mutum ɗaya a iyaka, an ɗebi wani yanki na ta yayansa da ke Katsina da ƙanwarsa da ke aure a Madarumfa, alhali babu wanda ya nemi yardarsu. Ta haka ƴan sandan Kalifoniya suka kama wani tsohon mai kisa a 2018, ta hanyar dangi na nesa da suka sa bayanansu a intanet. Dabarar da ta kama mai kisa ita ce za ta iya nuna wa azzalumar hukuma gidan su ɗan adawa. Bayan haka, samfurin da aka ajiye yana ɗauke da labarin lafiyar mutum, kamar ko yana da gadon amosanin jini, ciwon da ya yi yawa a yankinmu kuma yake shafar maganar aure.

Abin da ya riga ya shigo gida

Ko ba a kai ga yawu ba, an riga an share fagen. Hukumar ƙaura ta duniya, OIM, ta girka tsarinta na MIDAS mai ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska a wasu ƙofofin iyakar Nijar, kamar Makalondi, da kuma na Najeriya, da kuɗin ƙasashen Turai da wasu masu ba da tallafi. Interpol ta girka tsarin WAPIS na musayar bayanan ƴan sanda a Afirka ta Yamma, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi. Tun 2019, da ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, hukumar HCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi wa ƴan gudun hijira rajista da yatsu da ƙwayar ido, kafin a tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ɗan kasuwar Maraɗi mai riƙe da layin wayar Najeriya ya san cewa tun ƙarshen 2020 layi ba ya tsayawa sai da lambar shaida ta NIN. A ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, aka ƙaddamar da fasfon ƙawancensu na AES mai ɗauke da bayanan jiki.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa: tsaro, hana cin tallafi sau biyu, tantance ɗan ƙasa. Matsalar ita ce bayani in ya shiga rumbu yakan fi wanda ya tara shi tsawon rai. A 2021 na'urorin tantance mutane da sojojin Amurka suka bari a Afghanistan sun faɗa hannun Taliban. A shekarar ce ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi HCR da tattara bayanan ƴan Rohingya ba tare da cikakkiyar fahimtarsu ba, bayanan da Bangladesh ta miƙa wa Myanmar, ƙasar da suka gudo daga cikinta, ko da yake HCR ta ce ta nemi yardarsu. A 2023 ɓarayin intanet sun sace bayanan mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin gwajin asali na 23andMe. A maƙwabta, ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna a 2024 cewa wasu shafuka na sayar da bayanan ƴan Najeriya a kan Naira 100, hukumar NIMC mai ba da lambar NIN kuma ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Wanda aka sace wa lambar sirri zai canza wata. Wanda aka sace wa bayanan halittarsa ba shi da abin canzawa.

Sannan akwai maganar yarda. Matar da ta kwana tana gudu da yara daga Sabon Birni, aka ce ta ɗora yatsa kafin ta karɓi hatsi, ba za a ce ta zaɓa ba. Haka mai neman biza da aka ce masa gwaji ganin dama ne, amma ya san in ya ƙi ba zai ga matarsa da ƴaƴansa ba.

Inda gwajin ke share hawaye

Adalci ne a faɗi amfaninsa. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Irinsu nawa ne rairayi da Bahar Rum suka haɗiye ba labari? A gidaje da yawa akwai matar da ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba, akwai gadon da aka kasa rabawa. A Italiya, likita Cristina Cattaneo da abokan aikinta a Milan sun yi shekaru suna ƙoƙarin gano sunayen waɗanda suka nutse a jirgin 18 ga Afrilun 2015, ƙungiyar Red Cross ta duniya kuma tana karɓar samfurin dangi a ƙasashen Afirka don a gwada. Interpol ta buɗe rumbun I-Familia a 2021 don wannan aiki kaɗai, a ware daga na masu laifi. Haka nan safarar yara gaskiya ce: shari'ar jariran da aka ce an shigo da su daga Najeriya, wadda ta girgiza Yamai daga 2014, ta nuna cewa akwai lokacin da alƙali ke buƙatar sanin wace ce ta haifi wa.

Bambancin a fili yake. A nan iyali ne ke nema, ko alƙali ne ya ba da umarni a kan magana ɗaya takamaimiya, kuma in an samu amsa aiki ya ƙare. A can bakin iyaka kuwa kowa ake ɗiba, ba tare da tuhuma ba, a ajiye ba ranar gogewa.

Sharuɗɗa tun kafin na'ura ta iso

Nijar ba ta rasa doka ba. Tun 2017 take da dokar kare bayanan mutane, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido, kuma bayanan halitta na cikin waɗanda ba a taɓawa sai da izini na musamman. Najeriya ta yi tata a 2023, shekarar da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta fara aiki. Sai dai irin waɗannan dokoki sukan sassauta in an ambaci tsaron ƙasa, kuma iyaka ita ce wurin da aka fi ambatonsa.

Don haka akwai abubuwan da ya kamata a rubuta baro-baro. Kada a ɗebi ƙwayar halittar matafiyi don kawai ya zo wucewa, sai da umarnin alƙali ko buƙatar mai ita. A yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Tamashek, kuma ƙin yarda kada ya hana shi abinci ko mafaka. A lalata samfuri da zarar an amsa tambayar da aka ɗebe shi dominta. Kada a haɗa rumbun ɓatattu da na ƴan gudun hijira da na masu laifi. Duk yarjejeniyar miƙa bayanan ƴan ƙasa ga wata ƙasa ko kamfani a bayyana ta ga jama'a. Riƙo da shayarwa da rainon maraya su samu takardar hukuma da za a iya nunawa a ko'ina.

Babban rigakafin kuwa yana ofishin magajin gari. Abin da ke sa ofisoshin jakadanci neman gwaji shi ne rashin yarda da takardunmu, domin yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa sai ranar da za su yi jarrabawa ko tafiya. Uban da ya yi wa jaririnsa rajista a makon suna ya rage wa yaron hatsarin a ce wata rana ya buɗe baki a goga masa auduga.

Ana gina layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Zai zo da sababbin tashoshi da sababbin na'urorin tantance fasinja, kuma a lokacin sayen na'ura ake yanke abin da za ta ɗauka da wanda zai riƙe shi. Malaman fiƙihu, fadodin Maraɗi da Tibiri, masana shari'a, masana likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kasuwa, da gidajen rediyon da talaka ke saurare, duk suna da ta cewa, kuma yanzu ne maganarsu za ta yi tasiri. Hukuma na da haƙƙin sanin wanda ke shiga ƙasa da wanda ke fita. Sanin wanda ya haifi wa, da ciwon da ke bin zuriyar wane, wannan asirin gida ne, kuma doka ce ya kamata ta tsare shi tun kafin a nemi a buɗe.